Ina Salla, Ina Azkar, Me Ya Sa Cikina Ke Ɗurar Ruwa Kafin Wasa?

Tambaya: Ni ɗan zangon Kumasi ne, ina zaune a Hamburg ta ƙasar Jamus. Shekara biyu ke nan ina buga ƙwallon ƙafar Amurka a wata ƙaramar ƙungiya, bana kuma aka ba ni horar da yara 'yan ƙasa da shekara 16. Ina salla, ina azkar, amma duk daren wasa ba na runtsawa, da safe kuma sai amai. Wani abokina ya ce da tawakkalina ya cika da ban ji tsoro ba. Gaskiya ne? Sannan yaya zan yi da yaran nan, tunda akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai wanda bai yarda da komai ba?

Amsa: Ƙanena, abokin naka ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma bai faɗi daidai ba. Ina kyautata zaton bai taɓa sa hular kwano ya tsaya jiran bugun buɗe wasa ba, ga ƙarti a ɗaya gefen kowanne ya ɗebo gudu daga nesa don ya yi karo da shi. Na buga wasan nan shekara tara a Jamus, na yi shida ina horarwa, kuma har ranar wasana na ƙarshe hantar cikina ba ta daina kaɗawa ba.

Ni koci ne, ba malami ba, amma abin da malamai suka karantar da mu tun muna yara ya isa ya ba abokinka amsa. Annabi Musa, wanda Allah Ya yi magana da shi, wanda ya riga ya ga sandarsa ta zama macijiya da idonsa, ranar da ya tsaya gaban taro da bokayen Fir'auna suka jefa igiyoyinsu, Alƙur'ani ya ce ya ji tsoro a ransa. Ka duba Suratu Ɗaha, aya ta 67. Ba a ce masa imaninsa ya yi rauni ba. Cewa aka yi kada ya ji tsoro, nan take kuma aka ba shi aikin yi: ya jefa abin da ke hannunsa na dama. Annabi Ibrahim ma ya tsorata da baƙinsa da ya ga hannayensu ba sa kaiwa ga abinci. A ranar Badar, Manzon Allah (SAW) ya ɗaga hannu yana addu'a har mayafinsa ya zame daga kafaɗarsa, Sayyidina Abubakar ya mayar masa. Tsoron da ke cikin halittar ɗan Adam daban, rashin yarda da Allah daban. Wanda ya gwama su zai ɗora maka tsoro na biyu a kan na farko, ka dinga fargabar wasa kana kuma fargabar cewa kai munafuki ne. Wannan na biyun shi ke kwantar da mutum.

Abin da ke faruwa a jikinka ba ɓoyayye ba ne. Da ƙwaƙwalwa ta hango karo, sai wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, jini ya bar ciki da hanji ya koma manyan tsokoki na cinya da kafaɗa. Shi ya sa abincin da ka ci ya tsaya cak, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, kana zaryar banɗaki kamar wanda ya sha maganin wankin ciki. Jiki ne ke shirin faɗa, kuma bai san an sa alƙalin wasa ba. Jim Kelly, mai jefa ƙwallon da ya kai ƙungiyar Buffalo Bills wasan ƙarshe na cin kofin Amurka, wato Super Bowl, sau huɗu a jere a farkon shekarun 1990, an san shi da amai kafin wasa, har abokan wasansa suka saba. Kai da ka taso a zango ka san ɗan dambe idan makaɗi ya kama takensa, jikinsa yakan ɗauki rawa tun daga ƙafa. Ba wanda ke cewa ya tsorata, cewa ake yana tsuma. To rawar jikin nan ita ce taka, sunan da ka ba ta ne kawai ya bambanta.

Kuma wasan namu ya fi yawancin wasanni ba tsoro wurin zama. A ƙwallon ƙafar da muka saba, da an busa usur gudu ya kwashe ka, ba ka da sararin tunani. A nan kuwa kowane zubi, wato daga sakin ƙwallo zuwa tsayar da wasa, daƙiƙa biyar ne ko shida, sai a tsaya, a taru, a faɗi dabara, a jeru, a sake. Wasan NFL, babbar gasar wannan ƙwallo a Amurka, na cin sa'a uku da wani abu, amma in ka tara lokacin da ƙwallo ke motsi wajen minti 11 ne kawai. Sauran duk jira ne, kuma a cikin jira shaiɗan ke baza kolinsa. Ga shi kowa da aikinsa guda, an kuma ɗauka a bidiyo, ranar Talata a haska wa kowa ya ga inda ka kauce.

Wanda ya fara warkar da ni daga tunanin abokinka wani Ba'amurke ne da ƙungiyarmu ta ɗauko, ɗan baya na tsakiya, wuyansa kamar turmi. Wasanmu na farko tare, a wani ƙaramin gari, ɗakin sauya kayan na wani zauren motsa jiki ne mai warin man zafi da jiƙaƙƙen takalmi. Na shiga banɗaki don in ɓoye nawa halin, sai na ji ana kakari a ɗakin da ke kusa. Da ƙofa ta buɗe, shi ne, sulken kafaɗa a jikinsa, idonsa jawur. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya zaro buroshi daga cikin safarsa, ya wanke baki, ya koma kan benci ya buɗe ɗan ƙaramin Baibul da gefensa ya tsufa, ya karanta abin da zai karanta, ya rufe. Na ce masa, "Kai ma?" Ya ce tun yana shekara 14 bai taɓa tsallake wasa ɗaya ba, kuma ranar da ya daina to ranar ce zai ajiye hula. Rannan shi ya fi kowa kayar da mutane a fili. Na koma gida ina tunanin cewa mutumin nan bai roƙi Ubangijinsa Ya cire masa aman ba. Ya sa wa aman lokaci, ya sa wa addu'a lokaci, ya fita aiki.

Sai dai ba duk fargaba ce ta jiki ba. Akwai wadda ke zuwa saboda ba ka san aikinka ba, kuma wannan ko ka sauke Alƙur'ani a daren ba za ta tafi ba, don ba addu'a ta rasa ba. In ka kwanta kana tambayar kanka wa za ka tsare idan mai karɓar ƙwallo na biyu ya ratso ciki, amsar tana cikin kundin dabaru da bidiyon abokan karawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bill Walsh, kocin San Francisco 49ers da ya ci Super Bowl uku a shekarun 1980, ya shahara da rubuta zubin farko na wasa tun kafin ranar, kamar 15 zuwa 25, a bita su a atisaye. Ɗaya daga cikin amfanin hakan shi ne 'yan wasa su kwanta sun san abin da za su fara da shi. Na ɗauki wannan na rage shi daidai ƙarfina: ranar Alhamis ina rubuta abu uku kacal a 'yar takarda, inda zan tsaya, wanda zan kalla, da ƙafar da zan fara ɗagawa. Hadisin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara, kowa ya haddace shi. Ɗaurin raƙumarka a nan shi ne bidiyo, da ƙarfafa wuya, da koyon kayar da mutum kai a ɗage, da duba hularka ko iskar cikinta ta sace.

Wadda ta fi cin rai, kuma wadda nake zaton ita ke hana ka barci, ita ce tsoron mutane. A ƙasar waje tana da nauyi na musamman. Mafi yawan waɗanda kake wasa da su a Jamus ba sana'arsu ba ce. Akwai mai gyaran famfo, akwai ɗalibi, akwai ɗan sanda, suna biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsu, in an sha kashi su sha giya su koma aiki ranar Litinin. Baƙo ba haka yake ji ba. Ba'amurken da aka ɗauko ana ba shi ɗaki da ɗan albashi da tikitin jirgi, doka ta ƙayyade biyu kacal irinsa za su shiga fili a lokaci guda, an kuma manna masa harafin A don alƙalai su ƙirga. Ya san in ya yi wasa biyu marasa kyau za a iya mayar da shi gida a kira wani. Na sha ɗauko irinsu a filin jirgi suna fara'a, bayan wata biyu in same su a ɗaki su kaɗai, ba harshe, ba coci irin ta garinsu, ba uwa. Kai ba kwantiragi gare ka ba, amma na san naka kayan. Wataƙila kai kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar, ko kai kaɗai ke salla, sai ka ji kamar in ka saki ƙwallo duk Afirka ce ta saki, in ka ji tsoro Musulunci ne ya ji kunya. Ga mutanen gida da ka tura wa hotonka cikin sulke, suna nuna wa maƙwabta. Ba wanda ya ɗora maka wannan kaya. Kai ka ɗauka, kuma ya fi hula da sulke nauyi.

A nan ne tawakkali ke aikinsa na gaskiya. Ba ya taɓa adirenalin, amma yana sauke maka abin da ba naka ba. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya jera abin daki-daki: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza, in kuma wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata. Duk kocin duniya na ƙoƙarin koya wa ɗan baya ya manta zubin da ya wuce, don wanda aka wuce shi sau ɗaya in ya tsaya jimami za a wuce shi sau biyu. Kai an ba ka kalmar tun kana makarantar allo. Ni a fili nake faɗin ta, cikin hula, tsakanin zubi da zubi: ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al, sai in kalli gefen fili in karɓi alamar dabara ta gaba. Daƙiƙa 40 gare ka, ba ta isa zaman makoki ba.

Game da abin da za ka roƙa, ba laifi ka roƙi nasara, ni ma ina roƙa. Amma ka tuna a ɗakin abokan karawarku ma akwai wani yaron Turkiyya ko Maroko da ya ɗaga hannu yana roƙon a kayar da ku. In ka ɗaura imaninka a kan allon maki, duk ranar da aka ci ku za ka koma gida da tambayar da ba ta da tushe. Abin da na saba roƙa shi ne addu'ar Annabi Musa a farkon surar nan ta Ɗaha, Allah Ya buɗa ƙirjina Ya sauƙaƙa al'amarina, har da kwance ƙullin harshe, wanda ya yi mini amfani sosai lokacin da Jamusancina ke tsere mini in na ruɗe. Sannan in roƙi mu fita lafiya, mu da su, kada hannuna ya zama sanadin nakasar ɗan wani.

Akwai mutumin da nake so ka san labarinsa, Husain Abdullah. Ya yi azumin Ramadan cikin atisayen bazara na Minnesota Vikings. A 2012 shi da yayansa Hamza suka ajiye kakar wasa gaba ɗaya suka tafi aikin Hajji, alhali a NFL wanda ya bar gurbinsa ba a cika ajiye masa ba. Ya dawo ya samu wuri a Kansas City Chiefs. Ranar 29 ga Satumba 2014 ya cafke ƙwallon da Tom Brady, mai jefa ƙwallon abokan karawarsu, ya jefa, ya ruga da ita har ƙarshen fili ya ci maki, ya zame a kan gwiwa ya yi sujada. Alƙali ya hukunta shi da yadi 15, washegari hukumar NFL ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba. Jama'a sujadar suka riƙe. Ni abin da na riƙe shi ne a 2016 ya yi ritaya da kansa yana shekara 30, ya ce ya samu girgizar ƙwaƙwalwa sau biyar kuma yana son hankalinsa ya kai shi tsufa. Mutumin da ya iya barin wasa don Hajji ya iya barinsa don lafiyarsa, domin tun asali wasan bai zama ubangijinsa ba. In ka ce za ka kwaikwayi sujadar, ka sani malamai sun saɓa: Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin sujadar godiya mustahabbi ce, mashhurin mazhabar Malikiyya da muka taso a kai kuwa karhantawa ce. Alhamdulillahi a cikin hula ma ta wadatar.

Wuri ɗaya zan ja maka kunne. 'Yan wasa sun fi kowa camfi. Na ga mai safa ɗaya da ba ya wankewa muddin ana cin wasa, na ga wanda sai ya taka layi da ƙafar hagu. Mu masu azkar muna musu dariya, alhali namu camfin yana iya shigowa da rigar addini. Akwai shekarar da na tsara wa kaina jerin surori, in na yi tuntuɓe a aya ɗaya sai in koma farko, don zuciyata na raya mini in ban cika ba yau za a karya ni. Wata rana har aka kira mu fili ina tsaye a lungu ina maimaitawa, gumi na zuba. Wannan ba ibada ba ce, waswasi ne, kuma ƙara tsoro yake. Ma'aunin mai sauƙi ne: in zikirin ya kuɓuce maka ka ji kewa, lafiya. In ya kuɓuce ka ji lallai bala'i na tafe, to ka mayar da shi laya.

Ranar wasa kuwa, rabin fargabar Musulmi a Turai ta rashin tsari ce, ba ta karo ba. Wasanni da yawa ana farawa da ƙarfe uku ko huɗu na yamma, a lokacin bazara kuma azahar ba ta shiga sai wajen ɗaya da rabi, daidai lokacin da ake naɗe ƙafa da ɗumama jiki. Ka duba jadawalin salla tun ranar Juma'a, ka gaya wa koci kana buƙatar minti bakwai a lokaci kaza. Bajamushe ba ya faɗa da abin da aka sa a jadawali, abin da ya tsana shi ne a neme ka a rasa. Ka yi alwala ka yi salla kafin a naɗe maka idon sawu da filasta, don in an naɗe, wanke ƙafa ya zama aiki. Ni ɗakin ajiyar kaya nake shiga, tsakanin buhunan atisaye da ragar ƙwallaye, in shimfiɗa tawul in fuskanci kudu maso gabas. Farko ina ɓoyewa. Daga baya mai kula da kayanmu, wani dattijo da bai taɓa shiga masallaci ko coci ba, shi ke miƙo mini makulli tun ban tambaya ba, har ya tsaya a ƙofa kada a shigo da hayaniya. In wasan waje ne kuma tafiyar ta kai nisan ƙasaru, wajen kilomita 80, akwai sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salla. Ka zauna da malamin masallacinku sau ɗaya ya warware maka hukuncin, ka huta da tunaninsa duk kaka.

Abinci ka ci sa'a uku zuwa huɗu kafin wasa, mara maiƙo, shinkafa ko taliya da ɗan kaza, ka kuma zo da naka don abin da ake gasawa a bakin fili yawanci naman alade ne. Ka rabu da garin ƙarin kuzarin nan da yara ke kaɗawa a gora. Kafeyin ne cike a ciki, wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku kuma ba ya buƙatar ƙari. Numfashi kuwa, ka ja ta hanci kana ƙirga huɗu, ka saki a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Sakin da ya fi jan tsawo shi ke rage gudun zuciya. Nakan sa hasbunallahu wa ni'imal wakil a cikin sakin, ba don wata ibada ce na ƙirƙiro ba, tsawonta ne ya yi daidai kuma ma'anarta ce nake buƙata. Batun barci, abin da na gani a jikina da na 'yan wasana shi ne dare ɗaya mara kyau ba ya kashe wasa in ka yi barci sosai a dararen da suka gabace shi. Ka daina kallon agogo. In ya ƙi zuwa, tashi ka yi raka'a biyu ka koma ka kwanta, ko ba barci jiki na hutawa.

Yanzu yaranka. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Shekarata ta farko a horarwa na yi aiki da wani koci Ba'amurke wanda a garinsu an saba kowa ya durƙusa a kama hannu a karanta addu'ar Kirista kafin fita. A can abin ya yi zurfi har ya kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 2022 ta goyi bayan wani kocin sakandare na garin Bremerton da ke addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Jamus ba haka take ba, addini a wurin yawancinsu abin cikin gida ne. Kocin namu ya tara yara ya fara addu'ar, ni kuma na yi shiru don kada a ce na cika tsauri. Na ga wani yaro ɗan Turkiyya ya durƙusa yana kallon ƙasa, bakinsa a rufe, wani kuma da iyayensa ba sa addini yana motsa leɓe don kada a gane shi. Yara biyu sun fita fili da ƙarin nauyi, mu muka ɗora musu. Da an juya, ni ne na ce kowa ya ɗaga hannu a yi Fatiha, zaluncin ɗaya ne. Koci shi ke raba lokacin wasa, saboda haka duk abin da ya ce "wanda ya ga dama", yaro ɗan shekara 15 umarni yake ji.

Abin da muka koma yi shi ne minti ɗaya na shiru. Kowa ya sa hannu a kafaɗar na kusa da shi, mai Fatiha ya yi, mai gicciye ya yi, wanda kakarsa yake tunawa ya tuna, sannan kyaftin ya ɗaga murya a fita. Ni ina tawa sallar a ɗakin kaya, ba na gayyata, ba na kuma rufe ƙofa. Yara uku suka fara biyo ni da kansu. Kuma na daina dogon jawabin tayar da tsuma. Yaron da ya riga ya cika da adirenalin in ka ƙara masa ihu, shi ne zai tsallake layi kafin a saki ƙwallo. Ka zaga ɗakin ka karanci fuskoki. Mai surutu da yawa da wanda ya yi tsit a lungu duk ciwo ɗaya ke damunsu. Ka tsuguna gaban na lungun, kada ka ce masa kada ya ji tsoro, ka tambaye shi wa zai tare a zubin farko. In ya amsa, ka daki hularsa ka wuce. Sannan ka gaya musu gaskiya sau ɗaya a farkon kaka, cewa kai ma kana amai. Za su yi dariya, rabinsu kuma za su samu barci.

A matsayinka na koci akwai ɗaurin raƙumar da ya fi kowanne. Ranar 2 ga Janairu 2023 zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a fili a Cincinnati bayan wani karo da bai fi na kullum ba. Duniya ta ga 'yan wasa sun durƙusa suna kuka suna addu'a. A tsakiyar da'irar kuwa ma'aikatan lafiya ne ke danna masa ƙirji, da na'urar farfaɗo da zuciya a hannu, don sun sha bitar irin wannan rana. Ya rayu, har ya dawo wasa. Kafin kowane wasa ka san inda na'urar nan take a filin, ka san wa zai kira lambar gaggawa ta 112, wa zai buɗe wa motar asibiti ƙofa. Yaron da ya bugu a kai ya tashi yana layi ko yana tambayar maki nawa ne, ya gama wasa ranar, ko da ubansa na tsaye yana maka ihu.

Kai ma akwai iyakar da in ka kai ba koci ko malami za ka nema ba, likita ne. In fargabar ta fara bin ka har ranakun da ba wasa, ko numfashi na sarƙe maka a cikin jirgin ƙasa, ko ƙirji na ciwo, ko ka taɓa suma a atisaye, ko kuma abin ya tsananta ne bayan wani bugu a kai, je wurin likitan unguwarku ka faɗa masa komai, inshorarka za ta biya. Amai kowane mako ma ka ambata masa, don ruwan ciki na cin maƙogwaro da haƙora.

Saura tambayar da ba ka yi ba amma na san za ta taso ranar Asabar: in ka yi alwala sannan aman ya zo fa? A Malikiyya amai ba ya karya alwala, ka kurkure baki, ka duba bai taɓa rigarka ba, ka tayar da salla. Abokan wasanka Turkawa za su ce ya karya in ya cika baki, don su Hanafiyya suke bi, kada ku tsaya jayayya a bakin famfo. Ka sa buroshi da 'yar robar ruwan gishiri da sukari a aljihun jaka na gefe, ka kurɓa kaɗan-kaɗan bayan minti goma, ka wanke robar haƙoranka kafin ka mayar da ita baki.